Yadda ake gano agara da inda take kama ƙashi, daga ƙafar kaza zuwa jikinka

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar rago ranar layya ya ga abin, ko da bai kula ba. Mai fiɗa zai sa tsinin wuƙa ya huda ƴar fatar nan da ke bayan ƙafar baya, tsakanin ƙashi da wata farar igiya mai tauri, ya zura ƙugiya ko igiya, ya rataye ragon gaba ɗaya a reshe. Nama da ƙashi da kayan ciki, duk nauyinsu yana kan abin da kaurinsa bai wuce ɗan yatsa ba. A ja fata da ƙarfi, a sassara, ragon ya yi ta lilo, amma farar igiyar ba ta tsinke ba, ba ta kuma ɓalle daga ƙashin da ta kama ba. Ita ce agara. Abin da nake so ka gani da idonka shi ne yadda abu mai lanƙwasuwa kamar igiya yake kama abu mai tauri kamar dutse, har ya shekara sittin ko saba'in ana jansa kullum bai saki ba.

Kafin mu ɗauki wuƙa sai mun warware wata kalma. A Hausa “jijiya” tana ɗauke da kaya da yawa. Bututun da jini ke gudana a ciki jijiya ne. Zaren da ke kai saƙon ji da motsi daga ƙwaƙwalwa da laka shi ma jijiya ne. Farar igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ita ma jijiya ce. In mara lafiya ya ce “jijiyata ce ke ciwo”, sai an zauna an tantance wacce, domin maganin wannan ba shi ne na waccan ba. A nan zan kira duk igiyar da ta taso daga tsoka ta kama ƙashi da sunan agara, ko da yake mun fi sanin sunan a kan ta bayan dunduniya. Wadda kuwa ta haɗa ƙashi da ƙashi a gaɓa, wadda ke jin jiki in an yi targaɗe, zan ce mata ɗaurin gaɓa.

Abin da za ka tanada

Ƙafar kaza ɗanya guda biyu, da ƙafar baya ta akuya ko tunkiya guda ɗaya. A wajen mahauci ake yawan samun matsala, domin ya saba datse ƙafa daidai wurin da muke nema. Ka riga shi magana: “Malam, don Allah a yanko mini daga ƙasan cinya har kofato, da namanta, kada a taɓa agarar.” In za ka iya, ka roƙi ɗan guntun jijiyar nan mai ruwan ɗorawa da ke bayan wuyan sa, za ta yi amfani can gaba. Sai sabuwar reza, ƙaramar wuƙa mai kaifi, almakashi, filaya, zarton ƙarfe, faranti mai faɗi, safar hannu, da ruwan khal a kwalba mai murfi. Ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, saboda haka kada a yi aikin kusa da abinci, a kuma wanke hannu da kayan da sabulu bayan an gama. In da yara za ka yi, reza ta tsaya a hannunka kai kaɗai.

Mataki na farko: ƙafar kaza

Riƙe ƙafar ka dubi bakin da aka yanke. A gefen ƙashin za ka ga kawunan wasu fararen zaruruwa masu sheƙi. In sun nutse ciki, tsaga fatar kaɗan da almakashi ka tono su. Kama na bayan ƙafar da filaya ka ja a hankali: yatsun za su dunƙule kamar kazar na da rai. Saki, ka kama na gaba ka ja, za su miƙe. Sannan ka riƙa warewa kana jan su ɗai-ɗai, ka lura da wane yatsa ne ya amsa, a kuma wace gaɓa ya lanƙwashe. Babu tsokar kirki a waɗannan yatsu. Tsokar tana can sama, a naman da muke ci, agara ce ke kawo ƙarfinta daga nesa.

Yanzu tsaga fatar bayan ƙafar tun daga sama har tafin, ka ci gaba zuwa ƙarƙashin yatsan tsakiya. Za ka tarar agarar ba a sake take ba, tana cikin wani siririn kube mai santsi, kamar zariya a cikin ƙubakar wando. Taɓa ka ji ɗan ruwa mai yauƙi, shi ne man da ke hana ta gogewa. A dab da kowace gaɓa kuma akwai ɗan maɗauri da ya danne ta jikin ƙashi. Yanke guda ɗaya da tsinin reza, ka sake ja. Agarar za ta ɗago daga ƙashin ta miƙe kamar tsirkiyar baka, yatsan kuma ba zai dunƙule sosai kamar da ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin irin waɗannan maɗauran suna nan a yatsunka. Bi ta har ƙarshe, gindin ƙashin da farce ya fito. Can ta ƙare. Gwada fizge ta da filaya: sau da yawa za ta suɓuce, ko ta yage, ko ta taho da ɗan ɓalli, amma ba za ta saki salin-alin kamar abin da aka liƙa da gam ba.

Mataki na biyu: ƙafar akuya

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Fara da gyara wani kuskure da kusan kowa ke yi. Gaɓar nan mai tsini da ke kallon baya a ƙafar akuya, wadda ake ɗauka gwiwa ce da ta juya, ba gwiwa ba ce. Idon sawu ne, tsinin kuma dunduniyarta ce. Gwiwarta ta gaskiya tana can sama kusa da ciki. Akuya a kan ƙarshen yatsu biyu take tafiya, dunduniyarta a ɗage. Don haka agarar da ka gani ita ce daidai wadda ke bayan idon sawunka.

Feɗe fatar daga sama zuwa ƙasan tsinin, kana ɗaga ta da yatsa don kada wuƙa ta shiga ciki. A kan agarar akwai wani tantani mai kama da yanar gizo. Motsa gaɓar ka ga yadda agarar ke zamewa a ƙarƙashinsa. Ka duba da kyau za ka ga ƴan siraran jijiyoyin jini a jikin tantanin, ta nan agarar ke samun wani kaso na abincinta. Ita kanta fara ce fat domin jinin da ke shiga cikinta kaɗan ne in aka gwada da jan naman da ke samanta. Wannan farin da ka gani shi ne dalilin da ya sa ciwon tsoka ke warkewa cikin makonni, na agara kuwa ya ɗauki watanni.

Sa yatsa ka ware igiyar. Za ka ga ashe manya biyu ne da suka murɗe da juna. Ɗaya ta ƙare a kan tsinin dunduniya. Ɗayar ta zagayo daga ƙarƙashi ta hau sama, ta baje ta rufe tsinin kamar hula, ta zarce ƙasa zuwa kofato. Ja ta biyun ka ga kofatan sun lanƙwashe. Ɗaga hular da bakin wuƙa, za ka shiga wata ƴar jaka mai santsi da ɗan ruwa a ciki. Duk inda agara za ta goga da ƙashi Allah Ya sa irin wannan matashi. Wanda ya ga yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya, bakin rijiya kuma ke cin igiyar, zai gane amfaninta.

Bi igiyar farko zuwa sama. Ba ta tsaya cak ta ce nan ne iyakata ba. Bajewa take yi ta zama faifai mai sheƙi kamar azurfa, ta shiga cikin naman, zaruruwan tsoka kuma su riƙa sauka a kanta a karkace, kamar yadda gashin fiffike ke jere a jikin sandarsa. Ta haka tsoka mai faɗi take tattara ƙarfinta duka a igiya ɗaya. A wannan mahaɗar ne tsoka ta fi yawan yagewa in ɗan ƙwallo ya zabura da gudu bai ɗumama jiki ba.

Yanke ɗan guntu daga tsakiyar agarar. Gwada tsaga shi ta tsawo: zai rabu sili-sili ba gardama. Gwada ta faɗi: sai ka danna reza da ƙarfi. Dubi bakin yankan a haske, ko ka ɗauki hoto da waya ka buɗa shi, za ka ga dami-dami ne, kowane da siririn tantaninsa. Kowane dami ƙananan zaruruwa ne, su ma ƙananan wasu ne, har a kai ga sinadarin da ake kira kolajin, wanda shi kansa silli 3 ne da aka tufke. In aka busar da agara, mafi yawan abin da ya rage kolajin ne, a ɗanyarta kuwa fiye da rabin nauyin ruwa ne. Zaruruwan ba a miƙe sambal suke kwance ba, suna da ɗan lanƙwasa-lanƙwasa da sai da madubin likita ake gani. In aka ja, wannan ne ke fara miƙewa, har agarar ta ƙaru da kamar kashi 2 cikin 100 na tsawonta. In jan ya wuce kashi 4 sai ƙananan zaruruwa su fara tsinkewa, wajen kashi 8 zuwa 10 kuma ta yanke gaba ɗaya. Ka kwatanta da rawayar jijiyar wuyan sa da ka karɓo. Ja ta ka saki: tana miƙewa ta koma kamar roba, domin ita wani sinadari ne ya yi mata yawa, elastin. Aikinta ɗaukar nauyin kan sa lokacin da yake kiwo. Agara ba a yi ta don ta yi ta miƙewa ba, in ta miƙe da yawa ƙarfin tsoka zai salwanta a hanya.

Mataki na uku: inda ta kama ƙashin

Kafin ka tsaga, kankare tsakiyar dogon ƙashin ƙwauri da bayan wuƙa. Wani siririn tantani zai ɗago, shi ne rigar ƙashi. A tsakiyar dogayen ƙasusuwa, tsokoki da agarori da yawa ta wannan rigar suke kamawa, ko su wuce ta kai tsaye, zaruruwansu su nutse cikin ƙashin kamar saiwa a ƙasa. Ana kiran waɗannan zaruruwa da sunan William Sharpey, masanin halittar jiki ɗan Sukotland da ya bayyana su a ƙarni na 19. Irinsu ne ke riƙe da haƙori a cikin muƙamuƙi. Wannan shi ne salo na farko, mai sauƙi.

Salo na biyu shi ne na dunduniya, kuma shi ake samu a kusa da gaɓoɓi, inda kusurwar ja take canzawa da kowane motsi. Raba ƙashin dunduniyar daga sauran, ka bar masa agara mai tsawon yatsa. Sa shi a firiza ya daskare in da hali, ya fi yankuwa. Tsaga agarar biyu ta tsawo da reza har bakin ƙashi, sannan ka ci gaba da zarto a kan wannan layin har ƙashin ya rabe. Wanke garin ƙashin da ruwa, ka kai wurin haske.

Bi da tsinin allura daga agarar zuwa ƙashin, kana dannawa kaɗan-kaɗan. Da farko allurar tana shiga tsakanin zaruruwa. Dab da ƙashi sai zaren ya ɓace wa ido, wurin ya zama fari mai ɗan duhu, mai tauri kamar guringuntsi. Gaba kaɗan allurar ta tsaya, ka ji ƙaras. Sai kuma ƙashi mai ramuka-ramuka da jan ɓargo. Abin da hannunka ya ji hawa huɗu ne: agara zalla, sai guringuntsi mai zare, sai guringuntsin da kalshiyam ya shiga ya ƙandare, sai ƙashi. Duka a cikin tazarar da ba ta wuce ƴan milimita ba, a wasu wuraren ma ba ta kai 1 ba. Likitoci suna kiran wannan matattara entesis. Zaruruwan kolajin suna ratsa hawan nan ba tare da sun yanke ba, kuma iyakar da ke tsakanin ƙandararren guringuntsi da ƙashi ba shafaffiya ba ce, tudu da kwari ce da suka shige juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe.

Me ya sa sai an bi wannan doguwar hanya? Dubi wayar cajarka. A ina take fara lalacewa? A wuyanta, daidai inda waya mai laushi ta haɗu da kai mai tauri, domin duk lanƙwasa a nan take taruwa. Shi ya sa masu ƙera ta ke sa wata roba a wurin mai kauri daga sama tana sirancewa. Da agara ta faɗa kan ƙashi kai tsaye, da a wannan layin za ta riƙa karyewa. Guringuntsin ya raba wahalar, taurin yana ƙaruwa sannu-sannu. Ka lura kuma agarar ta baje kafin ta kama, don nauyin ya watsu a fili mai faɗi. A ganina duk wanda ya fahimci wannan ƴar tazara ya fahimci rabin ciwon gaɓoɓin da mutane ke kawowa asibiti. Ga kuma abin da ya sa likitocin ƙashi ke taka-tsantsan: in agara ta ɓalle daga ƙashi aka ɗinke ta, jiki ba ya sake gina hawa huɗun nan yadda suke, tabo yake cikewa da shi, tabo kuwa bai kai na asali ƙarfi ba.

Mataki na huɗu: wuta da khal

Jefa rabin dunduniyar a tukunya tare da guntun rawayar jijiyar, ka dafa awa 2 zuwa 3. Agarar za ta fara takurewa, sannan ta yi laushi ta zama garai-garai, ta saɓule daga ƙashin. Zafi ya narkar da kolajin ya koma jelatin, abin da ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana, ya kuma riƙa danƙo a leɓe. Kalmar kolajin ma daga kalmar Girkanci ta gam aka samo ta. Rawayar kuwa tana nan da taurinta, masu girki sun san ta. Busar da ƙashin ka shafa inda agarar ta bari: akwai tambari, gefensa da kaushi, kusa da shi kuma wuri mai sulɓi inda jakar ruwa ta zauna. Mafi yawan tudu da ƙulun da ke jikin ƙasusuwa irin wannan tambarin ne, jan agara ne ya tayar da su.

Ɗayar ƙafar kazar kuma, feɗe yatsa ɗaya ka bar agarar a jikin ƙashinsa, ka nutsa shi a khal, kana sauya ruwan bayan kwana 2. Cikin mako guda ƙashin zai lanƙwasu a hannunka, domin tsamin ya cinye kalshiyam ya bar kolajin. Ja agarar. Ta kumbura, ta yi laushi, amma tana nan a manne. Yanzu reza kaɗai za ta tsaga su tare, ka ga zare ya shige ƙashi ba tare da wani layin gam ba.

Mataki na biyar: lalubo su a jikinka

Zauna ka cire takalmi. Kama agararka da yatsu biyu, ka ɗaga dunduniya ka ji ta ɗaure. Tsawonta kamar santimita 15 ne, ita ce mafi kauri da ƙarfi a jikin mutum, tsokoki biyu na sha-raɓa ne suka haɗu suka samar da ita, zaruruwanta kuma suna murɗawa kafin su sauka. A littattafan likitanci ana kiranta agarar Akilis, jarumin tatsuniyar Girkawa da aka ce ta dunduniya kaɗai makami ke kama shi, kuma Philip Verheyen, masanin halittar jiki daga ƙasar da yau take Beljiyam, shi ya rubuta sunan a 1693. Gangara da yatsa har ka ji ta baje a tsakiyar bayan ƙashin dunduniya. Sannan ka koma sama kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku, inda ta fi sirancewa. Daga santimita 2 zuwa 6 sama da matattarar, jini ya fi ƙaranci, kuma nan ta fi tsinkewa. Ɗora ƙafar a cinya, ka ja babban yatsa sama, ka shafa tafin: wani faifai zai ɗaure daga dunduniya zuwa gindin yatsu. Inda ya kama ƙasan dunduniya ne ke yi wa masu doguwar tsayuwa suka in sun taka ƙasa da asuba.

Miƙe gwiwa ka saki jiki, ƙoƙon zai motsa hagu da dama. Ƙashi ne da ya tsiro a cikin agarar tsokar gaban cinya, yana ɗaga ta daga gaɓar kamar yadda jakin goge ke ɗaga tsirkiya, don jan ya yi ƙarfi. Daga ƙasansa bi igiyar mai faɗi har wani ƙulu a saman ƙwauri. Can ta kama. A bayan gwiwa kuma, in ka lanƙwasa kana danna dunduniya a ƙasa, za ka ji igiya ɗaya ta waje, biyu ta ciki.

Hannu ya fi daɗin dubawa. Haɗa babban yatsa da ƙaramin, ka ɗan lanƙwaso wuyan hannu. Yawancin mutane za su ga wata siririyar agara ta taso a tsakiya. Wasu ba su da ita a hannu ɗaya ko duka biyun, kuma ba su rasa komai ba, shi ya sa likitoci ke ciro ta su yi faci a wani wuri. Ɗora ɗayan hannun a naman da ke ƙasan gwiwar hannu, ka kaɗa yatsu: can za ka ji motsin, kamar dai na kaza. Kowane yatsa, ban da babba, agara biyu ke lanƙwasa shi. Ta sama tana rabewa biyu ta kama ƙashin tsakiya, ta ƙasan ta ratsa ta tsagar ta je ƙashin ƙarshe. Ga yadda za ka raba aikinsu. Danne gaɓar tsakiya ta yatsanka a miƙe, ka lanƙwasa kan yatsan kaɗai: ta ƙasan ce ta yi. Sai wani ya riƙe maka sauran yatsu uku a miƙe, ka lanƙwasa na tsakiya: zai lanƙwashe a gaɓar tsakiya, kansa kuma ya zama laƙwas in ka taɓa, domin ta saman ce kaɗai ke aiki.

Lanƙwasa gwiwar hannu, tafi yana kallon sama, ka sa yatsa a cikin lanƙwasar ka ƙugiyo agarar ƙwanji. Tana nutsewa ta kama ƙashin sangali na ɓangaren babban yatsa, shi ya sa ƙwanji ke juya tafi sama, ba ɗaga kaya kaɗai ba. Taɓa ƙulun da ke wajen gwiwar hannu ka ɗaga wuyan hannu baya, za ka ji tsokoki sun taru a kansa. Kafinta, mai faskare, da mai matse wanki sun san zafin wannan wuri.

Abin da za ka yi da wannan sani in rauni ya zo

In mutum yana gudu ko tsalle ya ji kamar an buge shi da sanda a bayan ƙafa, ya waiga bai ga kowa ba, a zargi agara. Kwantar da shi rub da ciki, ƙafafu su leƙo bakin gado, ka matse naman sha-raɓa. In agarar lafiya take, tafin zai motsa ƙasa da kansa. In bai motsa ba, ta tsinke. Likitoci biyu, Simmonds a 1957 da Thompson a 1962, suka bayyana wannan gwaji. Kada ɗingishin da yake iya yi ya ruɗe ka, wasu ƙananan agarori ne ke taimaka masa. Kada a murza, kada a ja. Masu ɗori suna da gwanintarsu a kan ƙashi, amma nan tsoka ce ke jan guntun sama tana nisanta shi da ɗan'uwansa, sai an sa ƙafar a filasta tana kallon ƙasa ko an yi ɗinki. A kai shi asibiti a ranar.

Haka yankan wuƙa a cikin yatsa ko tafi, wanda ya fi yawa a ranakun Sallah. Bakin ciwon yana iya zama ƙarami, jini ya tsaya, a ɗaure a manta. Yi gwajin nan biyu na yatsa. In wata gaɓa ta ƙi lanƙwasuwa, agara ta yanke, kuma guntunta zai ja da baya cikin kubensa kamar zariyar da ta shige ƙubaka. A kwanakin farko ana iya kamo ta a ɗinke, in an yi makonni aikin ya zama babba.

Yaro ɗan shekara 10 zuwa 15 mai yawan ƙwallo da ke kukan ƙulun saman ƙwaurinsa ya kumbura, yawanci ba karaya ba ce. Wurin da agarar ta kama bai gama zama ƙashi ba, jan ya yi masa yawa. Robert Osgood a Amurka da Carl Schlatter a Suwizalan kowannensu ya bayyana shi a 1903. Rage wasa da sa ƙanƙara suna kwantar da shi, yakan kuma wuce in girma ya tsaya, amma in yana tashinsa daga barci ko da zazzaɓi, a je a duba. Babba kuwa da matattarai da yawa ke masa ciwo lokaci guda, dunduniya da gwiwa da ƙugu, ga bayansa na ƙagewa da safe har sai ya motsa, ya gaya wa likita duka a tare, domin akwai cututtukan kumburin gaɓoɓi da daga entesis suke farawa.

Sai maganin siprofuloksasin da danginsa, wanda mutane ke saya a kemis da sunan sipro don taifot ko ciwon fitsari ba tare da takardar likita ba. Yana iya raunana agara har ta tsinke, musamman ta dunduniya, kuma tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a takardar bayaninsa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da mai shan magungunan sitiroyid irin su firedinisolon, da wanda aka yi wa dashen ƙoda. In kana shan sa ka ji zafi ko kumburi a bayan idon sawu, dakatar da shi, ka daina gudu da ɗaukar kaya, ka koma wurin likita a ranar ya sauya maka wani.